Furfura, madubi da aikin masanin halayyar ɗan Adam: amsa ga wata ɗaliba

"Assalamu alaikum Anti. Ina aji uku a saikoloji. Mamana ce ta sa na fara wannan tunanin, tunda Baba ya ƙara aure shekara biyu kenan ta daina yarda a ɗauke ta hoto, ko a biki sai ta laɓe bayan mutane, ga mayuka ta tara kamar mai shago. Sai na ga ashe a ƙasashen Turawa akwai masana da aikinsu kenan, yadda mutum ke kallon jikinsa in tsufa ya fara zuwa. Dan Allah ya aikin yake, ta ina ake bi, kuma a ƙasar nan ana ci da shi ko ɓata lokacina zan yi? Sannan ni da ban wuce 22 ba wace tsohuwa ce zata zauna ta saurare ni?"

Wa alaikis salam 'yata. Tambaya huɗu kika cusa a buhu ɗaya: menene aikin, ina hanyar, akwai tuwo a ciki ko babu, sai ta shekarunki. Akwai ta biyar da baki furta ba amma tana leƙowa ta ƙarƙashin sauran, wato ya zan yi da Mama, ita ma zan taɓa ta in mun je can.

Bari in fara da abin da zai rage miki wahalar shekaru. Duk tsawon lokacin da na yi ina zama da mutane a asibiti ban tuna ranar da wata ta shigo ta zauna ta ce min "na zo ne saboda bana son yadda jikina ya koma" ba. Ba haka suke zuwa ba. Zuwa suke da rashin barci, da olsa da ta ƙi jin magani, da ciwon kai, da faɗuwar gaba, da "haka kawai nake jin kuka". Sai a zama na uku ko na huɗu maganar madubi take fitowa, in ma ta fito. Toh kinga wanda ya rataya allo ya rubuta cewa shi ƙwararre ne kan tsufa da surar jiki ya zauna jiran kwastoma a garuruwanmu, zai daɗe yana korar ƙuda. Amma wanda ya iya aikin asibiti sosai kuma kunnensa ya san wannan kukan, kullum sai ya ji shi.

Daga ina fannin ya taso

Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ostiriya, Paul Schilder, shi ya yaɗa maganar a 1935, ya ce kowa na ɗauke da hoton jikinsa a cikin kansa, kuma hoton nan ba lallai ya dace da abin da ke cikin madubi ba. Daga baya Thomas Cash na jami'ar Old Dominion a Amurka ya shafe rayuwar aikinsa yana ƙirƙiro ma'aunan da ake gwada abin da su, shi ne ma editan farko na mujallar bincike da aka buɗe don wannan fannin kaɗai a 2004. Sai dai kusan duk hankalin masu binciken farko yana kan 'yan mata ne, fararen fata, 'yan jami'a, masu ƙin cin abinci don kar su yi ƙiba. Mace mai shekara 55 kamar ba ta da jiki.

Marika Tiggemann ta jami'ar Flinders a Ostireliya na cikin waɗanda suka ce a'a a duba manya ma. Abin da ta tattaro a 2004 ya ban mamaki lokacin da na fara karantawa, domin ya ci karo da abin da nake zato: rashin gamsuwar mata da jikinsu kusan a tsaye yake tun daga ƙuruciya har tsufa, baya wani ƙaruwa baya raguwa, abin da ke raguwa shi ne muhimmancin da mace ke ba wa kamannin nata. Wato tsohuwa ma tana ganin abin da bata so a jikinta, amma ya daina hana ta barci. Ki riƙe wannan da kyau don shi ne mabuɗin aikin gaba ɗaya. Wadda ke zuwa wurinmu ita ce wadda wani abu ya hana wannan sauƙin ya sauko mata, ko kuma ya sauko aka fizge shi, kamar Mamanki.

Tunda labarin sana'a kike so, ga misali ɗaya. Vivian Diller a birnin New York ta fara ne da rawar bale ta Turawa a matsayin sana'a, ta koma tallan kayan ƙawa, wato shekarun ƙuruciyarta duk da jikinta da fuskarta take cin abinci, a sana'o'in da mace ke tsufa tun kafin ta kai talatin. Da wannan ya ƙare ta koma makaranta ta yi digirin dakta a saikoloji na asibiti, ta buɗe ofis tana ganin mutane, sai a 2010 ta fitar da littafi kan abin da mata ke ji in kamanninsu ya fara sauyawa, tare da wata abokiyar aikinta da ita ma tsohuwar mai tallan ce. Ki lura da jerin: karatu cikakke tukun, shekaru na ganin marasa lafiya iri-iri, sannan sunan ƙwarewar ya biyo baya. Ban da haka kuma abin ya taɓa cin ta ita kanta, ba a littafi kawai ta gan shi ba.

Akwai kuma ɓangaren bincike zalla, irin na Becca Levy a jami'ar Yale. A 2002 ta fitar da sakamakon bibiyar mutum 660 a jihar Ohio, aka ga waɗanda ke kallon tsufansu da kyakkyawan ido sun fi sauran tsawon rai da kimanin shekara bakwai da rabi. Rai a hannun Allah yake, wannan ba gardama, amma sababi ne da ake iya gani: wanda ya yanke cewa shi ya gama yawo baya shan maganinsa, baya fita, baya zuwa asibiti, "me ya rage" kawai yake cewa.

Yadda abin yake shigowa ofis a wajenmu

In kika kwaso littattafan can kika juye a kan matanmu zaki yi ɓarna, domin tsoron nasu ƙiba ne, namu kuwa sau da yawa rama ce. Mace ta rame a gidan miji ai magana ce, dangi zasu fara tambaya ko lafiya. Shi yasa sha ka fashe ke tafiya a kasuwa, kuma da yawan abin da ake sayarwa da wannan sunan dezametason ne, wani maganin asibiti na dangin sitiroyid, ko ɗan uwansa, fuska ta kumbura ta yi kamar faranti a ce an yi kyau, alhali suga na hawa, jini na hawa, ƙashi na lalacewa. A Nijar ma wata mai bincike Rebecca Popenoe ta zauna da Larabawan Azawak inda ake ɗura wa yarinya madara da kunun gero tun ta fara famfara don ta yi ƙiba, har nankarwa abin yabo ce a wurinsu, abin da wata a Kano ke kashe dubbai don ta goge. Kuma ma'aunin nan yana juyawa da sauri fiye da yadda ake zato. A tsibirin Fiji mutane ne masu son cikar jiki, talabijin ya isa wani yankinsu a 1995, zuwa 1998 Anne Becker ta jami'ar Harvard ta tarar kusan kashi 11 cikin ɗari na 'yan matan makarantar da ta tambaya suna ƙaƙaro amai don kar su yi ƙiba, abin da babu ko ɗaya da ta ce tana yi a farko. Shekara uku kacal, da talabijin. Yanzu ki auna TikTok da filta a hannun kowa har da kakanni.

Sai fari. "Farar mace alkyabbar mata", "fara ko mayya ce", da wasa ake faɗa amma yarinya baƙa tana ji tun tana firamare. Hukumar lafiya ta duniya ta taɓa kawo adadin cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da man ƙara haske, ni dai ina ɗaukar lambar da taka-tsantsan, amma duk wanda ya shiga kasuwa ya san abin ba kaɗan bane. Inda ya haɗu da tsufa shi ne mai ban tausayi: wadda ta yi shekara ashirin tana bilicin, man da ke da sitiroyid ya sa fatar ta yi siriri jijiyoyi sun fito, mai haidirokwinon ya bar mata baƙin tabo a kumatu da baya fita, ta kai hamsin fatar ta fi ta sa'o'inta tsufa, in ta daina ta yi duhu a yi da ita, in ta ci gaba abin ya ƙaru. Gaba kura baya sayaki.

Wata Hajiya da ba zan manta ba, na sauya wasu bayananta don kar a gane ta. Likita ne ya turo min ita kan rashin barci, ta haura hamsin, 'ya'ya takwas, al'ada ta ɗauke mata bai fi shekara ba, maigida ya kawo amarya sa'ar 'yarta ta biyu. Zama biyu muna zagaye, hawan jini, zafin da ke taso mata da dare, yaran da basa kira. A na uku tana neman katin asibiti a jaka sai ga kwalba ta faɗo ta gangara ƙarƙashin tebur ɗina, na ɗauko na miƙa mata ban ce komai ba, haɗin mai ne ba ko takarda a jiki. Ta riƙe ta a cinya ta yi shiru can ta ce, "Madubin ɗakina na rufe shi da ɗankwali tun ranar da aka kawo lefen." Wata bakwai kenan tana shafa mai a duhu, tana ɗaura kallabi da lalube. Ta ce ranar buɗar kai wata 'yar uwar mijin ta dube ta ta ce "Hajiya ai ke yanzu uwa ce, sai ki huta", kuma matar da alheri take nufi, amma ita abin da kunnenta ya ji shi ne an sallame ki.

Da na ce mata "haba Hajiya ai kina da kyanki" da shikenan na rasa ta, domin duk gidan abin da ake ta faɗa mata kenan kuma ta san lallashi ne. Abin da ke gabana makoki ne. Matar nan ta yi rashi, ta rasa matsayin da ta riƙe shekara talatin da jikin da ta sani, kuma rashi ne da ba a zaman makoki a kansa, ba mai zuwa gaisuwa. Abin da ya buɗe bakinta labarin Khaula bint Sa'alaba ne, matar da farkon Suratul Mujadala ya sauka a kanta, wadda ta je wurin Annabi (SAW) tana cewa mijinta ya cinye ƙuruciyarta, ta zazzage masa cikinta, da shekaru suka ja haihuwa ta tsaya sai ya yi mata zihari. Hajiya ta san surar ta haddace ta ma, amma bata taɓa jin cewa kukan mace irin nata ne Allah ya ce Ya ji ba. Ta yi kuka ranar har na ɗaga mai bi mata a layi.

Kar ki ɗauka mata ne kaɗai. Maza na zuwa, sai dai nasu ta ƙofar ƙarfi yake shigowa: ɗan fansho da ya bar ofis ba mai ce masa ranka ya daɗe, gwiwa ta fara ƙara in zai tashi daga sujada, ga sanƙo ga tumbi, sai ya bi rinin gemu da maganin maza na bakin tasha alhali yana kan maganin zuciya. Namiji zai yi miki awa guda kan siyasa kafin ya faɗi wannan.

Me ake yi a cikin ɗakin

Farko tantancewa, kuma nan ne ilimin asibiti ke raba ki da mai ba da shawara a Facebook. Ciwon damuwa ne ya sa take ganin komai nata baƙi har da fuskarta, ko kuwa fuskar ce ta jawo damuwar? Ɗaukewar al'ada ce, wadda yawanci ke zuwa tsakanin 45 da 55 da zufar dare da saurin fushi? Ko maƙoƙo ne ko suga ya sauya mata jiki? Waɗannan na likita ne, ni bana rubuta magani kuma ke ma ba zaki rubuta ba, turawa ake yi. Mai shan sha ka fashe ta daɗe kuwa kar ki kuskura ki ce ta watsar yau, tsayar da shi farat ɗaya na iya kwantar da mutum, likita ne zai janye mata a hankali.

Sannan aikin namu. Yawanci CBT nake bi, wato mu kamo tunanin da ke zuwa mata in ta ga kanta, mu juya shi mu ga ko gaskiya ne, mu kuma rage abubuwan da ke ciyar da shi, gujewa hoto, gujewa biki, ko akasin haka duba madubi sau hamsin a wuni. Da Hajiya mun fara da ɗage ɗankwalin minti biyu bayan sallar walha, ta kalli fuskar ta faɗi abin da ta gani kamar mai ba makaho labari, ba yabo ba zagi: ga furfura ta gefen hagu, ga layi biyu a goshi. Makon farko ta ce ta kasa, na uku ta yi. Na kuma sa ta lissafo min abin da jikin nan ya yi, ciki takwas, wankan jego takwas, ɗawafi da ƙafarta, hannun da har yau in ya tuƙa tuwo jikoki na rububi. Bata koma son tamojinta ba, kuma ban nemi haka ba. Barci dai ya dawo, ta je bikin 'yar ƙanwarta ta tsaya a layin gaba.

Ba duka ake nasara ba. Akwai wata cuta da ake kira BDD a taƙaice, mutum ya maƙale wa wani aibi a jikinsa da wasu basa ma gani, ya shafe awanni kullum a kai, tana kama kusan mutum 2 cikin ɗari kuma tun 2013 aka sa ta a dangin cutar waswasi. Wata matashiyar uwa ta zo min da ita kan fatar wuyanta, na yi jinkirin gane cewa abin ya wuce damuwar tsufa, na tsaya lallaɓawa maimakon in haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa tun zaman farko, ta daina zuwa, daga baya na ji ta tafi waje an yi mata aiki. Irin wannan aikin tiyata ba kasafai yake kwantar musu da hankali ba, aibin sai ya tashi ya koma wani wurin, kuma haɗarin su cutar da kansu ba ƙarami bane. Har yau in na tuna ta sai na ji ba daɗi. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin ɗakin gaba ɗaya: in miji kullum sai ya yi mata gori a gaban amarya, awa ɗaya a mako a wurina ba zai goge na kwana shida ba, sai dai in ya yarda ya zo, kuma kaɗan ne ke yarda.

Hanya, da maganar tuwo

Ki gama digirinki da sakamako mai kyau, ki yi hidimar ƙasa, in da hali ki nemi a tura ki asibiti. Sannan mastas a saikoloji na asibiti, Jos na yi, Ibadan na yi, kuma ki tabbata kwas ɗin na da zaman horo a gaban marasa lafiya ƙarƙashin wani babba, don takarda ba tare da wannan ba ado ce. Wuraren horo a Arewa akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, na Maiduguri, Dawanau a Kano, da sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. In tsofaffi ne a ranki, asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da tsofaffi tun 2012, ya kamata ko leƙawa ki yi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ɗan buɗe ƙofa, amma kar in yaudare ki, guraben aiki kaɗan ne kuma albashin ba na gina bene bane. Yawancinmu haɗawa muke: asibiti da safe, koyarwa, ɗan aikin ƙungiyoyi, ganin mutum biyu uku da yamma.

Inda nake ganin fili a buɗe shi ne wuraren da jiki ke sauyawa dare ɗaya kuma ba mai tambayar mutum ya yake ji. Matar da aka cire wa nono saboda sankara, mai suga da aka yanke wa ƙafa, wanda ɓarin jikinsa ya shanye baki ya karkace, masu yoyon fitsari, waɗanda suka ƙone, asibitin fata inda masu bilicin ke ƙarewa. Ki je wurin likitocin nan ki ce ku turo min su, wallahi zasu gode miki don su basu da lokacin. Bincike kuma kusan gona ce da ba a taɓa sa wa garma ba, ma'aunan da muke amfani da su yawanci an gina su ne kan tsoron ƙiba da Turanci, in kika ba Hajiya ta cike sai ta fito lafiya ƙalau alhali madubinta a rufe yake. Wadda ta zauna ta gina ma'auni da Hausa wanda ya san rama da fari da kishiya da furfura, ta yi abin da za a daɗe ana ambaton ta. Firojet ɗinki na aji huɗu ma zai iya zama tubalin farko.

Abu ɗaya da ba a koyarwa a aji: ki san naki madubin. In ke ma bakya iya sa hotonki sai da filta, zai fito a fuskarki ranar da wata ta cire niƙabi ta nuna miki tabonta. Ni sai da furfurata ta fito na kama kaina ina tsige ta a mota kafin in shiga ofis in ce wa wata ta haƙura da tata, duk da na san hadisin da ya hana tsigewar. Na yi wa kaina dariya ranar, amma ta sauya yadda nake magana da su.

Shekarunki kuwa, eh, wasu zasu dube ki su ce wannan jikata ce me ta sani, an yi min. Kar ki yi gardama kuma kar ki ɗaura babban gyale don ki ƙara shekaru. Ki gaishe su yadda ake gaida manya, ki ce "Mama ni ban kai nan ba, ke zaki faɗa min yadda yake", kuma da gaske kike. Da yawansu sun fi sakewa da yarinyar da ba ta san kowa nasu ba fiye da sa'arsu da zasu iya haɗuwa a gidan suna.

Mama kuma ba majinyaciyarki bace kuma ba zata taɓa zama ba, ƙa'idar aiki ma ta hana, ke 'yarta ce. Kar ki yi mata lacca kan mayukan, kar ki ɓoye su, kar ki matsa mata da kyamara. Ki duba dai ko akwai haɗin da ba takarda ko ƙwayar ƙiba a ciki, in akwai ki lallaɓa ta ku je wurin likita da sunan awon jini da suga. In barci ya ƙaurace mata, ko ta daina cin abinci, ko ta fara maganar gara mutuwa, wannan ba na jira bane, a kai ta a gan ta cikin makon. In ba haka ba, ki samu wata yamma da gidan ya yi shiru ki ce ta ɗauko miki tsohon album ɗinta na aure, ki zauna kusa da ita ki tambaye ta wa ya yi mata kitson ranar, sai ki yi shiru ki bar ta ta yi magana.